Mai Tare wa Zakara Iska

"Baba, don Allah ka zo. Tun safe kai yake kira."

'Yar Zakara ce tsaye a bakin rumfata, ni kuwa ina fama da facin wata taya. Ban ko ɗago ba.

"Au, ashe ya san ina raye?"

Tare muka yi sana'ar tseren keke da ubanta. Aikina a ƙungiyar shi ne in shiga gabansa in tare masa iska, shi ya laɓe a bayana yana adana ƙarfi, sai an hango layin ƙarshe in kauce ya wuce. A haka gwiwoyina suka ƙare. Shi kuwa kofunan da ya ci suka kai shi kujerar shugaban wani kamfanin kekuna, ya riƙa fitowa a talabijin cikin kwat yana cewa ƙafafunsa biyu ne suka kai shi inda yake. Da ya tashi gina bene, jikin katangata ya kafa shi. Na tsane shi, ban taɓa ɓoyewa ba. Abin da nake son ji daga bakinsa bai wuce "na gode" ba, kuma shi ya sa na goge hannu na bi ta.

Ɗakin sai warin magani. Kofuna fal kabad, ga ƙaton hotonsa a bango ya ɗaga hannu sama, ni kuma gwiwar hannuna kaɗai ta samu shiga. Yana kwance a gado, cinyoyinsa nan da ake tsoro sun koma kamar sandar tsintsiya.

"Bango," ya ce. Haka yake kirana tun da. "Ka yi tumbi."

"Kai ma ba kyau ka ƙara ba. Ga ni. Faɗi."

Na jira. Wallahi na jira.

"Iskar fankar nan ta dame ni. Shiga gabana."

"A kashe ta mana!"

"In an kashe ba ya iya numfashi," in ji 'yar.

"Abin da ka kira ni kenan? Kai ko kunya babu?"

"Shiga gaba, Bango."

Zagi na cike da bakina, amma ƙafafun banzan nan sun riga ni. Na tsaya tsakaninsa da fankar, na ba shi baya. Dama ba da fuska na san shi ba, da numfashi na san shi: in ya yi nauyi in rage gudu, in ya daidaita in ƙara. Yanzu yana ja kamar mai hawan tudu.

"Ina jinka," na ce. "Har yanzu ba ka faɗa ba."

Ya ja numfashi ɗaya mai tsawo. Na jira na gaba.

'Yar ta fashe da kuka, wani ya shigo da gudu. Ban juya ba. Fankar na ta kaɗa mini riga, ni kuma ina tsaye, ba wanda ya ce in kauce.