Sandar Malam Abdulsalami

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Birnin Kudu ba, amma an aiko mana da Malam Abdulsalami. Ya ƙare ƙuruciyarsa a wata ƙaramar tasha kan layin dogon Kano zuwa Nguru, inda aikinsa shi ne miƙa wa direba sandar izini. Layin ɗaya ne tal, don haka mai sanda a hannu kaɗai ke shiga, kowa ya jira. Da jiragen suka yi ta raguwa har ciyawa ta rufe ƙarfen, ya yi ritaya ya dawo Kangire noman tumatir.

Akwai wata siririyar hanya da ta ratsa fadamar ƙauyen, wadda amalanke biyu ba sa wuce juna a kanta. Kullum sai an yi cacar baki a tsakiya. Malam Abdulsalami ya sassaƙa sanda, ya shafa mata jan fenti, ya tara jama'a ya yi bayani: mai sanda ya shiga, in ya haye ya rataye ta a jikin tsamiya don mai tahowa. Aka amince, don a samu a tashi.

Ranar kasuwa aka fara. A ranar kuma wani ɗan kasuwa daga Gwaram yake jiran tumatirin Malam da mota a bakin titi, ya ce ba zai wuce hantsi ba.

Maikano, mai shanun noma, ya riga kowa. Ya karɓi sanda, ya haye, ya rataye ta yadda aka ce. Sai aka zauna jiran mai tahowa ya dawo da ita. Abin da reluwe ba ta koya wa Malam ba shi ne, da safiyar kasuwa duk Kangire gefe ɗaya take nufa.

Mutane suka gaji, suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya. Amalanken Malam kaɗai ya rage, rana na dukan kwanduna.

"Malam," in ji matarsa Kubra, "tumatirin nan bai yi aikin gwamnati ba. Mu tafi."

"Ba sanda, ba tafiya. Da haka ake karo."

"Da wa? Da kwaɗi?"

Ya naɗe ƙafar wando ya tafi ɗauko sandar da kansa, tunda doka ba ta ambaci mai tafiya a ƙasa ba.

Yana dawowa, a tsakiyar fadama, sai ga amalankensa na tahowa, Kubra riƙe da igiyar shanu.

"Kubra! Wa ya ba ki hanya?"

"Matsa, ranka ya daɗe, ko ka hau. Shanun nan ba su da birki."

Ya dubi laka a dama, ya dubi laka a hagu. Ya hau, ya gyara zama a tsakanin kwanduna, ya ɗaga sandar sama yadda kowa zai gani.

Suka iske mai motar yana ɗaure igiya zai tashi. Ya matsa tumatir ɗaya, ya ce a loda.