Surukin Delbert a Filin Gishiri

A watan Janairun 1953 Delbert Haskins ya auna kujerar motarsa, bai tashi shiga ba sai a Agusta. Tsakanin nan kuwa ya ci abin da ya ci.

Da hannunsa ya ƙera motar a bayan garejinsa da ke Barstow, da tankin man jirgin sama da ya saya a gwanjo bayan yaƙi. Ya tsaga tankin, ya cusa masa inji, ya sa tayoyi huɗu, ta fito kamar doguwar kabewa. Ya jawo ta har filin gishiri na Bonneville, inda masu irin haukarsa ke taruwa mako guda, kowa ya miƙe shi kaɗai a kan layi, agogo ya faɗi gudunsa.

Da ya zo shiga motar, ƙafafu suka shiga, ƙugu ya shiga da ƙyar, tumbi ya ce bai san zancen ba. Murfi ya ƙi rufuwa.

Harlan Voss, wani dogo mai rumfa kusa da tasu, ya leƙo yana murmushi. "Del, girisi za a kawo ko mai walda?"

"Rigar ce ta yi kauri," in ji Delbert.

Matarsa Lorna ta ce, "Rigar ai ta bara ce. Mai rigar ne sabo."

Sai da mutum biyu suka zaro shi. Ya zauna a kan taya, hasken gishiri na kashe masa ido, yana tuna wata takwas da ya kashe a kan ƙarfen nan.

Gefe guda surukinsa, Elwood Pruitt, mahaifin Lorna, yana dafa kofi. Tsohon ya shekara talatin da ɗaya yana jan motar 'yan makaranta, bai taɓa wuce gudun mil arba'in a awa ba, dama shan iska kawai ya biyo su. Siriri ne kamar sandar rake. Ya ajiye buta, ya zagaya motar sau ɗaya, ya cire hula, ya zura jiki a ciki. Har da sauran wuri.

"Baba, fito, ba abin wasa ba ce," in ji Lorna.

"Ina birki?" tsohon ya tambayi Delbert.

Delbert ya so ya ce a'a. Amma mayar da mota gida ba ta taka gishiri ba ya fi masa ciwo, sai ya durƙusa ya nuna masa komai.

Alƙalai suka ce sabon direba sai ya fara a hankali. Ya yi mil casa'in a awa. Washegari ya yi ɗari da talatin, ya dawo ya sha kofinsa kamar wanda ya je aika wasiƙa. Ran Laraba aka sake shi. Delbert ya tura motar da a-kori-kurarsa har inji ya kama, ya tsaya yana kallo tana ƙanƙancewa, ta zama ɗigo, ta ɓace a cikin farin. Shi kansa bai san ko tsoro yake ji ko kishi ba.

Lasifika ta ce ɗari da hamsin da takwas.

Da suka je ɗauko shi, Delbert ya buɗe murfi yana jiran yabo. Tsohon ya tofar da gishiri ya ce, "Injinka na tari a mil na uku. Mai ba ya isarsa."

"Baba, injin nan ni na haɗa shi."

"Na sani, ɗana. Ni kuma na ji shi."

Delbert ya yi fushi na rabin awa, sannan ya kwance bututun mai don ya ƙaryata shi. Ya tarar ya lanƙwashe a bayan kujera. Ya sauya shi. Harlan ya ba su aron sifana, da sharaɗin a bar shi ya ba kowa labari.

Ran Alhamis tsohon ya yi ɗari da sittin da tara, mil uku kacal ƙasa da mafi gudun da motoci irin tasu suka taɓa yi. Delbert ya tsinci kansa yana tsalle a kan gishiri, yana gaya wa mutanen da bai sani ba, "Surukina ne, motar kuma tawa ce."

Suka shirya wa Juma'a da gaske. Da safe hadari ya taso daga duwatsu, kafin azahar filin ya zama tafki, aka tashi taro.

A hanyar gida Lorna ce ta kama sitiyari, don mazan biyu sun shimfiɗa takarda a cinya suna musu a kan giyar motar. Tsohon ya ce a ƙara wa tayoyin baya tsayi, Delbert ya ce inji ba zai ja ba. Ta tsaya a wani gidan abinci, ta tambaye su abin da za su ci, babu wanda ya ɗago. Ta shiga ita kaɗai, ta ci ta ƙoshi, ta fito ta same su sun juya takardar sun fara sabon zane.