Shingen da Nake Yawo da Shi

"Baba, ina kuma za ka kai shi?"

Autana ne, birkila, tsaye a bakin hawa na huɗu da cokalin gini a hannu, iska tana kaɗa masa riga.

"Ƙasa. Masu dubawa sun zo."

Na saɓa shingen ƙarfen a kafaɗa. Ni da kuke gani, ban taɓa zama a aji ba, amma na faɗo daga bene na kakkaɓe wando na koma aiki. Ƙashina ya fi rodi. Duk ma'aikatan nan babu mai ɗaga ƙarfen nan shi kaɗai sai ni.

A ofis, Injiniya tana da ginin namu sukutum a cikin kwamfuta, da yatsa take juya shi. Duk inda mutum zai iya faɗowa ja ne, sai an tura hoton shinge ya koma kore. Ta ce wa ɗan kwangila ya sayo na kowane hawa. Ya ce to, ya sayo ɗaya. Ni ke yawo da shi: in kafa, a ɗauki hoto, in cire.

"Ka dawo da shi da wuri, Baba. Tun safe jiri nake ji."

"Jiri? Mu a kan katako ɗaya muke gyangyaɗi! Ko laulayin matarka ne ya kama ka?"

Leburori suka kwashe da dariya. Shi ma ya murmusa.

*

Na kafa shi a hawa na ɗaya. Masu dubawa ba su fito ba, suna ofis cikin sanyi suna juya gini da yatsa. Ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. In leƙa sama, in leƙa ƙofar ofis.

"Bari in mayar, in sun fito sai in sauko da shi."

"Tsoho, kar ka taɓa shi," in ji ɗan kwangila.

Cokalin gininsa ne ya fara wuce ni, daga sama.

*

Autana ya rayu. Jinina ne ai, kuma tulin yashi ya tare shi. Sai dai ƙafafun sun daina jin magana. Matarsa ke juya shi a katifa, da cikinta a gaba.

Na koma aiki, don bakuna sun ƙaru. Ɗazu na wuce ta tagar ofis, ƙarfen a kafaɗata, na hango ginin a kwamfuta. Kore shar, daga sama har ƙasa.