Wanda Ya Rage

Uwar tagwayen tana riƙe da ƙarfen gado lokacin da ma'aikacin kamfanin da suke wa aiki ya ajiye na'urarsa kusa da kan majinyacin. Kwana tara ke nan da motar kayan da 'ya'yanta biyu suke tuƙawa ta kama da wuta. An binne ɗaya. Ɗayan yana kwance, fuska da hannuwa naɗe da bandeji. Ya farfaɗo, amma bai san ko shi wane ne ba. Matansu suna zaune a benci guda, babu wadda ta san ko mijinta ne ya mutu.

Shekara arba'in da murya take rarrabe su: Babba yana jan magana, Ƙarami yana datse ta. Yanzu kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji.

"Mama, ki kwantar da hankalinki," in ji ma'aikacin da ƙarfi. "Ƙofar sitonmu da murya ake buɗe ta, kowane direba mun ɗauki tasa. Na'urar nan ba ruwanta da fuska."

Nas ta sunkuya ta ce wa majinyacin ya ƙirga zuwa goma. Ya ƙirga a hankali. Koren haske ya kama.

"Babba ne," in ji ma'aikacin.

Matar Babba ta zube a ƙasa tana godiya ga Allah. Matar Ƙarami ba ta yi kuka ba. Takalminta kawai ta shiga nema a ƙarƙashin bencin.

"Tsaya, 'yar'uwa, in gwada da muryar ɗayan, ƙa'ida ce," in ji ma'aikacin. Ya danna. Koren hasken ya sake kamawa. Ya goge gilashin da hannun riga, ya maimaita. Haka dai.

Shugaban direbobi, wanda yake tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa.

"Laifina ne. Ranar ɗaukar murya ɗayansu yana hanya, ɗayan ya shiga sau biyu. Riga kawai ya canza. Har dariya muka yi, muka ce ya yi wa na'ura wayo."

"Wanne ne ya shiga?" uwar ta tambaya.

"Wallahi, Mama, shekara goma sha ɗaya ina aiki da su, ban taɓa sani ba. Direba nake ce musu, duk su waiwayo."

Matar Babba ta tashi daga ƙasa, ta koma ta zauna inda take.

Ma'aikacin ya naɗe wayoyinsa ya fita ba sallama. Uwar ta ga leɓen ɗanta yana motsi. Ta sunkuya har kunnenta ya taɓa bandejin, amma iska mai ɗumi kawai ta ji.

"Me ya ce?"

Nas ta dubi matan biyu, sannan ta kawo bakinta daf da kunnen tsohuwar.

"Cewa ya yi, ina ɗan'uwansa."