Ƙofar da Direba Ya Kulle

"Kawu, kar ka bangaje ta, Baba yana jingine da ita," in ji 'yar tsohon direban.

Kafinta ya durƙusa ya leƙa ta ƙasan ƙofar. Gefen rigar maƙwabcinsa kawai ya hango, sai numfashi da ke fita kamar ana jan zarto a ɗanyen katako. Tun safe tsohon ya danna sakata, wai wata baƙuwa ta shigo tana neman ɗura masa magani. Baƙuwar kuwa 'yarsa ce, mai jinyarsa.

"Direba, ni ne. Buɗe mana."

"Mota ta cika," aka amsa daga ciki. "Ku jira ta baya."

Babu wanda ya yi dariya. Kafinta ya shiga zare ƙusoshin ƙofar, zufa na shigar masa ido.

"Zazzaɓi ya kwana da shi," in ji 'yar. "Ruɗewar kuma, likita ya ce mai yiwuwa tun sanƙarau ɗin nan ne. Wai ciwo mai tsanani yakan bar tabo a ƙwaƙwalwa, sai an daɗe mantuwa ta biyo baya. Ba kowa ba dai."

Hannun Kafinta ya tsaya. Shekarar sanƙarau, gadonsa na kusa da na Direba a asibiti. Tare aka sallame su, suna gardamar wa ya fi wani ramewa. Jiya kuma ya daɗe tsaye a shagonsa da katako a hannu, ya rasa abin da ya ɗauko shi ya yi.

Ta dube shi, ta kama baki. "Kawu, ai kai ma..."

"Riƙe nan," ya ce.

Suka ɗage ƙofar a hankali. Tsohon ya sulalo jikin Kafinta, zafi rau, leɓɓansa sun tsage. Ya ƙura wa Kafinta ido.

"Kai ma an sallame ka?"

"An sallame ni."

"To, madalla."

'Yar ta fita da gudu neman mota. Kafin ta dawo, numfashin ya tsaya a kan cinyar Kafinta.

Da yamma Kafinta ya zauna a tsakar gidansa, ruwan da matarsa ta ajiye masa bai taɓa ba. Jikokinsa na guje-guje tsakanin igiyar shanya da bakin famfo. Ya bi su da ido, yana kiran sunayensu a hankali, ɗaya bayan ɗaya.