Ƙofar da Ta Hana Ni Sallama da Yayana

Kai Kolawole, mai tsaron ƙofar tashar jirgin ƙasa, kai ka hana ni ganin gawar yayana. Ban iya karatu ba, amma na ji abokan aikinka suna kiran sunanka, na riƙe.

Ranar Talata da hantsi ina kasuwa ina gyaran kifi aka kira ni, aka ce yayana, Buroda Lamidi, ya rasu, za a kai shi bayan azahar, can bayan gari. Ko hannu ban wanke ba. Da cunkoson Legas mota ba za ta kai ni ba sai la'asar, sai na nufi jirgi.

Katina na shiga jirgi da kuɗi a ciki. Na ɗora shi kan na'ura, ƙofa ta buɗe. Sai na ga wata tsohuwa a bayana da sanda, sa'ar uwata. Mu ba a koya mana shiga gaban babba ba. Na rusuna na ce, "Iya, ku wuce." Ta wuce tana sa mini albarka, ƙofa ta rufe. Na sake ɗora kati, wuta ta nuna ja. Har sau uku. Ga jirgi a tsaye. Da wani mutum ya buɗe da nasa, na manne a bayansa na shige.

Nan ka damƙe mini zane. Na yi maka bayani, ka ce duk haka suke faɗa. Na ce a duba kati, ka ce mai dubawa ya fita cin amala.

"Mama mai kifi, zauna," ka ce. "Ina ce gawa ba ta gudu?"

Na zauna kan benci. Ban yi kuka ba. Ina ta kallon ɓawon kifin da ya bushe a hannuna, jirgi biyu suka tashi. Mai dubawa ya dawo yana sakace, ya ce ai matar nan ta biya. Ka miƙo mini kati, ko kallona ba ka yi ba.

Na isa ana naɗe tabarmi. Shekara biyu ba ma magana da Buroda Lamidi, kowa ya sani. Matarsa, Iya Morufu, ta ce ai da ma sun san ba zan zo ba. Har yau babu wanda ya yarda da zancen ƙofa.

Jibi ne addu'ar kwana takwas. Ko kai, ko wanda ya ajiye ka a wurin, ɗaya ya zo gaban dangina ya faɗa musu inda nake lokacin da aka fita da shi.