Wandon Anti Nasrin

"Iya, ajiye almakashin nan!"

Ban san lokacin da muryata ta fita haka ba, a gidan makoki, ranar sadakar uku, mata cike da falo. Iyatu, yayar maigidan, ta ɗago kai ta dube ni daga sama har ƙasa. A cinyarta akwai koren siliki, ta riga ta raba shi huɗu.

"Ke 'yar nan, lafiya? Sadaka nake fitar wa baiwar Allah."

"Wando ne fa kika yanka!"

"Na san wando ne. Wace mace ce za ta karɓi sadakar wando a garinmu? Ga shi faɗinsa kamar buhu biyu. Yanzu kuwa ɗankwali huɗu ne, mutum huɗu za su ɗaura, lada huɗu ya isa kabarinta."

Matan suka gyaɗa kai. Wata ma har da cewa Allah ya saka mata da alheri. Ni kuwa a duk falon nan ni kaɗai na san abin da aka yanka.

Ni Hansatu, tela ce, gidana na jikin nasu a Kubwa. A shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja aka sauke mana su, shi Alhaji Maitama ma'aikacin wata ma'aikata, da matarsa Nasrin, 'yar Pakistan. A Lahore ya auro ta lokacin da ya je karatu. Aka ba su gidan da fentinsa bai gama bushewa ba, famfo babu ruwa, asibitin kirki sai an shiga cikin gari, ita kuma ga ciwon ƙoda. Waɗanda suka sa hannu a takardar tashin ba su tambayi ko akwai mara lafiya a gidan kowa ba. 'Yarsu ɗaya, Amira, aka bar ta a Legas ta ƙarasa karatun jinya.

Shekara ashirin da biyu Anti Nasrin ta yi a ƙasar nan, ba ta taɓa iya ɗaura zane ba. Kullum riga ce zuwa gwiwa, da wando mai tattara, da gyale a kafaɗa. Matan layinmu suka sa mata ido. In ta wuce a ce ga matar fim nan, a yi ta ƙunshe dariya. Yau ga su nan sun cika mata falo suna share hawaye da bakin mayafi.

Ni ɗinkin ne ya ja ni wurinta. Na taɓa gwada kwaikwayonsa wa wata kwastoma, ya fito kamar wandon makanike. Anti Nasrin ta gani ta yi dariya har da tari.

"Hansatu, kai ka yi rowar yadi," in ji ta. Har ta rasu ba ta raba "kai" da "ke" ba. "Wannan ba wando ba ne. Zo ka ga shalwar."

Ta buɗe akwatin ƙarfe ta fito da koren nan. Da ta ware ƙugun, sai da muka riƙe shi mu biyu, ita a bakin gado ni a bakin ƙofa. Ta ce yadi huɗu da rabi ne. Mahaifiyarta mutuniyar Patiala ce, garin da a da sarakuna ke sa irin wannan wando mai yawan tattara. Da aka raba ƙasarsu biyu, suka gudo Lahore da abin da hannu zai iya ɗauka, amma ɗinkin garinsu yana kanta. Ita ta ɗinka wa Nasrin wannan da hannu don ranar aurenta, da rigarsa gajera, wadda suke kira kamis. Ta nuna mini bakin ƙafafun, layi bakwai na ɗinki, ƙanana kamar an jera gero.

"Mutanen Lahore ba su sa tattara da yawa haka. Wannan na Patiala ne, original. Ka ja zariya, shi ke nan, ya yi wa mai ƙiba, ya yi wa siriri, ya yi wa mai ciki. Tattara yana ɓoye komai."

Wata biyar bayan nan ƙafafunta suka kumbura. An riga an sa ranar auren Amira bayan Babbar Sallah. Wata ranar Talata da hantsi ta aiko a kira ni, ta miƙo mini rigar.

"Ka rage shi, Amira ba ta da jiki. Shalwar ka bar shi a akwati, shi ba ya son gyara. Kar ka gaya mata, surprise ne."

"Anti, ke za ki ba ta da hannunki."

"To," ta ce, tana kallon silin.

Ranar Juma'a da safe ta cika, a bayan motar maƙwabci, kafin su kai cikin gari. Aka yi waya Legas ba a samu Amira ba sai washegari. Ba ta ga gawar uwarta ba.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma shi ya fi ci mini rai. Kwana biyu ina shiga gidan ina fita, ina ganin akwatin nan a gefen gado. Kunya ta hana ni tada zancen kaya a gidan mutuwa, kada a ce tela ta fara hangen yadi. Na ce bari Amira ta iso. Ashe Iyatu ba ta da irin wannan kunyar.

"Na Amira ne," na ce mata. "Na aurenta. Kakarta ce ta ɗinka. Rigar tana wurina."

Iyatu ta ɗaure fuska. "To da wa aka yi shawara? Amarya da wando? Ai ni na yi mata gata."

"Kayan marigayiya gado ne, Iya. Wa ya ba ki? Kin tambayi 'yarta? Kin tambayi ƙaninki?"

"Ji mini yarinya da fitsara!"

Ana cikin haka Amira ta yi sallama, da jakarta a kafaɗa, idanunta sun kumbura, kwana ta yi a mota. Ta dubi cinyar gwaggonta. Ba sai an gaya mata ba.

"Gwaggo, shalwar ɗin Ammi ne wannan?"

Na durƙusa na kwashe ƙyallayen daga cinyar Iyatu, ba ta hana ni ba. Na zaro zariyar daga ƙarƙashin tabarma. Bakin ƙafafun ne babu. Iyatu ta ce sun yi tauri ba su ɗankwaltuwa, ta zubar a shara.

Angela, mai kawo wa layinmu itace, ita ta taya ni tonon bola a bayan gida, an riga an cinna wa bolar wuta. Ta zaro guda ɗaya da sanda, gefensa ya ɗan babbake.

"Madam, ɗaya ne ya rage. Ɗayan wuta ya ci shi. Kai, mutane ba su da tsoron Allah. Matar nan da ya mutu yana ba ni ruwan sanyi kullum."

Kwana shida na yi a kan keke ina haɗa abin da almakashi ya raba cikin minti biyar. Duk inda na bi da allura sai na ji sabon haushi, na Iyatu, na matan falon, na masu takardar tashi, da nawa. Bakin ƙafar da muka tsamo a bola na mayar da shi a dama, na hagu kuwa na yi shi da keke, layi bakwai, da zare mafi kusa da na samu a kasuwar Wuse. Ko makaho ya shafa ya san ba hannu ɗaya ba ne.

Ranar da na gama, Amira ta shigo shagona bayan la'asar. Na ba ta rigar, na gaya mata saƙon Talatar nan yadda aka faɗa mini, har da "surprise" ɗin. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Sannan ta karɓi zariyar ta zura da kanta, ta shiga bayan labule.

Da ta fito ta ja zariyar, tattarar ta taru ɗaya bayan ɗaya, duk ɗinkin da na yi ya shige ciki ya ɓace. Ta tsaya a gaban madubi, amma ba fuskarta take kallo ba. Ta sunkuyar da kai tana duban ƙafafunta, sai ta ɗan matsar da ta dama gaba.